Me ya kai su kashe gari guda alhali kuɗi suke nema?

Malam, tambayarka ita ce tunda ɓarayin dajin nan kuɗi da shanu suke nema, to me ke kai su su shigo gari su kashe mutum 50 ko 100 rana ɗaya, su cinna wa rumbuna wuta, alhali gawa ba ta biyan fansa. Ka kuma ce a ganinka ƙwaya ce kawai ke gaya musu ƙarya. Toh ƙwayar akwai ta, ba na musu, tiramol da wiwi na shiga daji kamar yadda fetur da burodi da katin waya ke shiga, amma ni da aikina shi ne bin garuruwan da anka kai ma hari da zama da 'yan gudun hijira a Anka da Gusau da Tsafe ina rubuta abin da ya faru, zan gaya maka ƙwaya ƙarfin halin danna kunamar bindiga kawai take ba yaro, ba ita ke zaɓen garin da za a shiga ba. Mai zaɓen gari kachalla ne, wato shugaban dabar ɓarayi, kuma da hankalinsa garau yake zaɓe.

Ka fara raba aikinsu gida-gida. Satar shanu daban, ɗaukar mutane daban, wannan kasuwanci ne kuma a nan ba su son kisa da yawa don asara ce gare su. Shi kuwa shiga gari a yi kisan kan mai uwa da wabi, wannan saƙo ne, kuma saƙon ba na waɗanda anka kashe ba ne, na garuruwa ashirin ko talatin ne da ke kewaye waɗanda za su ji labari kafin gari ya waye. Ran nan ba su samu ko sisi ba, amma shekara uku masu zuwa duk garin da anka aika ma takarda ko anka buga ma mai gari waya anka ce a haɗa miliyan kaza kafin Juma'a, ba wanda zai tsaya gardama, an san abin da ya samu maƙwabta.

Ɗauki 'Yar Galadima, ƙasar Ɗansadau cikin Maru, 5 ga Afrilu 2014. Ba haka kawai sunka faɗa garin ba, ranar ana taron 'yan banga da 'yan sa-kai ne da sunka zo daga wurare daban-daban don a shirya yadda za a tunkari ɓarayi, sai ga mashina sun kewaye wurin. Hukuma ta tsaya kan mutum 79, mutanen yankin sun ce abin ya wuce haka nesa, wasu har sama da 200 suke kira. Kafin nan akwai Kizara ta ƙasar Tsafe a watan Yuni 2013, mutum 48, sun zo da asuba, kuma cikin waɗanda anka kashe har da shugaban 'yan banga na garin. Birane ta Zurmi a Fabrairu 2018 ma haka, abin ya faro ne daga tare wani da anka zarga da koro dabbobin sata, ya tsere ya bar dabbobin, washegari anka dawo anka tare hanya anka buɗe ma motar 'yan kasuwa wuta sannan anka shiga gari, mutum wajen 40. Ka lura duk ukun, garin ya ɗaga kai ne ya nuna zai iya tsayawa, to ɗaga kan nan shi ne laifin da ba su yafewa, don in gari ɗaya ya tsaya ya sha, gobe goma za su tsaya.

Nan kuma sai na faɗi wadda mutanenmu ba su son ji. Su ma 'yan sa-kai sun yi kisan da ba shari'a, kuma ba kaɗan ba. Tun wajen 2011 zuwa 2013 a ƙasar Ɗansadau da Zurmi da Birnin Magaji, a tsakiyar kasuwa ake kama Bafulatani a ce ɓarawo ne a yanka shi gaban jama'a, ba alƙali ba ɗan sanda, wani da gaske ɓarawon ne wani kuwa gishiri da kanwa ya zo saye, a bi rugage a ƙone a kore shanu. Yaron da ya ga an yi ma ubansa haka yana ɗan shekara goma, yau shi ne ke bisa mashin da AK a kafaɗa. Wannan ba wanke su nake ba, wallahi babu abin da ke halatta a rufe mata da yara a ɗaki a sa wuta, kuma mafi yawan waɗanda suke kashewa ba su taɓa riƙa ko gora ba, har Fulanin da sunka ƙi shiga daji su ma ba su tsira ba, su ne ma na farko da anka raba da shanunsu. Amma in kana son ka fahimci me ya sa kisan ke zuwa da irin wannan ƙeta, har a bi mutum gona a harbe shi ba a ɗauki ko kazarsa ba, sai ka sa ramuwar gayya cikin lissafi. Maganar cinye burtali da makiyaya da mashaya da anka yanka gonaki bayan 1999, da yadda ake tatsar makiyayi a kotu da caji ofis in shanunsa sun yi ɓarna, duk gaskiya ne, sai dai yanzu abin ya wuce nan, kachallan da ke da bindiga ɗari uku da ramin zinari ba burtali yake nema ba.

Abu na biyu da ke jawo kisan gari, kuma shi ne ya fi ci mini rai, shi ne farmakin da ba a tsaya an riƙe wuri ba. Jirgi ya zo ya yi luguden wuta a daba, ko soja su shiga su ƙone sansani su fito, a sanar a rediyo an kashe kaza, shikenan kowa ya koma bariki. Waɗanda sunka tsira fa? Sun rasa 'yan uwa, sun rasa abinci da mashina, ba za su iya rama ma jirgi ba, to wa ke kusa? Ƙauyen da ke bakin daji, kuma dama sun riga sun yanke cewa mutanen ƙauyen ne sunka ba da lambar wurin. Farkon Janairu 2022 soja sunka ce jiragensu sun kashe sama da 100 a dajin Gusami da Tsamre ta ƙasar Birnin Magaji. Daga 4 zuwa 6 ga watan sai ga ɗaruruwan 'yan bindiga bisa mashina suna bin ƙauyukan Anka da Bukkuyum ɗaya bayan ɗaya, kwana biyu zuwa uku ana abu guda ba wanda ya tare su, gwamnatin jiha ta ce mutum 58, mutanen da sunka yi jana'iza sunka ce wajen 200. Abin mamaki a cikin kwanakin nan ne, 5 ga Janairu, gwamnatin tarayya ta fitar da takardar ayyana su 'yan ta'adda bayan hukuncin da babbar kotun tarayya ta yi a Nuwamba 2021. Takarda na fita a Abuja, Kurfar Ɗanya, ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, na ci da wuta.

Haka ma rufe sabis ɗin waya da anka yi a Zamfara farkon Satumba 2021, tare da rufe kasuwannin mako da hana sayar da fetur a jarka da hana safarar shanu. Matakin ya matse su, wannan gaskiya ne, an samu waɗanda sunka saki mutane don ba abin ciyar da su, amma da yake ba a rufe musu hanyar fita ba sai sunka kwarara gabashin Sakkwato, a Oktoba anka yi kisan kasuwar Goronyo mutum sama da 40, a Disamba anka ƙone mota da fasinjojinta a ƙasar Sabon Birni. Kuma rashin sabis ɗin ya hana talaka ma kiran agaji, da yawan hare-haren watannin nan ba su ma fito duniya ta ji ba. Mutanen Kebbi ta kudu, ƙasar Zuru, sun fi kowa sanin wannan, don duk sanda anka taɓa su a Zamfara ko Neja ta nan suke bi. 3 ga Yuni 2021 a Danko/Wasagu 'yan sanda da kansu sunka tabbatar da gawa 88 daga ƙauyuka irin su Koro da Kimpi da Gaya da Dimi da Zutu da Rafin Gora, sati biyu bayan nan anka kwashe ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri. A Maris 2022 kuma a ƙasar Sakaba 'yan sa-kai sama da 60 anka yi ma kwanton ɓauna dare ɗaya, sun fita ne za su tari ɓarayi ashe labarin fitarsu ya riga su isa.

Wanda ya kawo mu maganar infoma. Babu garin da ake shiga a makance. Sun san ran da soja sunka janye, sun san gidan da anka sayar da waken suya, sun san 'yan sa-kai nawa ke kwana a ƙofar gari da irin bindigar da ke hannunsu, harba-ka-ruga ce ko wagila. Wani infoman kuɗi ake ba shi, wani ɗansa ke hannunsu, wani kuwa matar da ke kai musu abinci ce ko mai cajin waya ko mai gyaran mashin wanda in ya ƙi shi ma gawa ne. Su ma ɓarayin suna da tsoron infoma a nasu ɓangaren, shi ya sa duk garin da anka girke soja sannan anka ɗauke su, wannan garin ya shiga uku, don a wurinsu ya riga ya zaɓi ɓangare. Na sha jin dattawa na cewa in dai ba zama za su yi ba gara kar a kawo su, kuma ba ƙin soja suke ba, sun san abin da ke biyo bayan tafiyarsu ne.

Sai harajin noma. Yanzu a wurare da yawa na Zurmi da Shinkafi da Maradun da Maru da Anka sai ka biya kafin ka yi shuka, ka sake biya kafin ka yi girbi, wani wurin ma a tattara majiya ƙarfin gari a kai su su nome gonar kachalla kyauta kafin su taɓa tasu. Moriki ta yi suna kan wannan, kachalla Bello Turji ya sha ɗora musu miliyoyi, a 2024 miliyan 30 anka ce su biya kan shanun da ya ce an kashe masa. Kaga wannan ai mulki ne, kuma mai mulkin da ba shi da kotu ba shi da gidan yari, hukuncinsa guda ɗaya ne, kisa. Gari ya kasa haɗa kuɗi, ko ya biya wannan daba ita kuma waccan ta ce ba ta san zance ba, ko wani yaronsu ya ɓace a kusa da garin, sai a zo a yi abin da za a daɗe ana faɗi. Ƙona rumbu ma ba ɓarna ce ta banza ba, wanda ba shi da hatsi dole ya tashi, in ya tashi gonarsa da hanyar da ta bi ta garinsa sun zama nasu, musamman in akwai zinari a kusa kamar yankin Bagega da Sunke. Shi ya sa za ka ga hare-hare na tsananta farkon damina da kuma kaka.

Amma fa kar ka ɗauka duk lissafin nasu mai kyau ne ko a kasuwancin nasu. Banga ta Ƙauran Namoda a Yuli 2025, an biya fansa, sunka saki wasu sunka yanka sama da 30 daga cikin waɗanda ke hannunsu. Irin wannan na nuna maka yaran da ke tasowa yanzu ba su da ko 'yar ƙa'idar da manyansu ke riƙewa ta cewa in an biya a saki, kuma dalili shi ne ba su da shugaba ɗaya. Lokacin Buharin Daji, babban kachallan Zamfara na wancan zamani, kusan magana ɗaya ce, da shi gwamnatin Abdul'aziz Yari ta yi sulhu a ƙarshen 2016 ta hannun mataimakin gwamna Ibrahim Wakkala, anka ɗan samu sauƙi na wasu watanni. Da wani ɗan dajin, Dogo Giɗe, ya kashe shi a Maris 2018 sai dabar ta tarwatse gida-gida, kowane yaro da ya tara bindiga ashirin ya zama kachalla, a watan nan ma anka yi kisan Bawar Daji a ƙasar Anka. Kashe Halilu Sububu da soja sunka yi a Satumba 2024 kusa da Mayanci babbar nasara ce, don shi babban dillalin makamai ne, amma yaransa ba su tuba ba, raba su anka yi tsakanin wasu dabobi. Kuma sabon kachalla da me zai yi suna? Da gawa. Wanda ya fi ta'asa shi yara ke bi, shi ake tsoron tsallake maganarsa, shi gwamnati ke nema in za a zauna sulhu.

Wannan na ƙarshen shi ne ciwon sulhun da ake yi. Sulhun da gwamna Bello Matawalle ya yi a 2019 ya sa an sako mutane da yawa, kasuwanni sun buɗe, ban raina wannan ba don wanda ɗansa ya dawo gida ba ka ce masa sulhu banza ne. Amma bindigogin da anka miƙa ba su kai komai ba kan waɗanda anka ɓoye, ba a hukunta kowa ba, kuma wanda ya yi sulhu da Zamfara sai ya tsallaka Katsina ko Sakkwato ko Kebbi ya yi aikinsa ya dawo gida a matsayin tubabbe. Ana cikin sulhun nan anka kwashe 'yan matan Jangebe a 26 ga Fabrairu 2021, su 279. A Yuli 2022 kuma sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa kachalla Ado Aleru Sarkin Fulani alhali 'yan sandan Katsina na nemansa ruwa a jallo kan kisan Kadisau, anka dakatar da sarkin bayan surutu ya yi yawa, amma yaran daji sun riga sun karanta darasin, ka kashe da yawa a kira ka fada a naɗa maka rawani. Ni ban ga laifin dagacin da ya je ya durƙusa ya nemo ma mutanensa damar noma ba, ba shi da zaɓi, laifin na mai soja da kotu da baitulmali ne da zai je ya yi irin sulhun dagaci.

Ka tambaya kuma a ƙarshe me ya sa alƙaluma ke saɓawa, gwamnati ta ce 58 mutane su ce 200, wa ke ƙarya. Wani lokaci ana rage lamba da gangan, wannan ba ɓoyayye ba ne, wani lokaci kuma mutanen gari cikin firgici suna ƙirga duk wanda ba a gani ba, daga baya wasu su fito daga daji. Amma akasari abin da ke faruwa shi ne jami'i na ƙirga gawar da anka jera anka yi ma salla gabansa ne a rana ta farko. Wanda anka harbe a gona sai bayan kwana uku a gano shi ta wurin ungulu, wanda ya faɗa gulbi yana gudu ruwa ya tafi da shi, matan da sunka ɓuya a rumbu wuta ta cinye su, wanda ya cika a hanyar asibitin Anka ko Gusau, wanda 'yan uwa sunka rufe da dare a inda ya faɗi don ba halin ɗaukowa, duk ba su cikin lissafin farko, kuma ba a komawa a gyara. Kwamitin da tsohon sufeton 'yan sanda M.D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya ce daga 2011 zuwa Mayun 2019 an kashe mutum 6,319 a Zamfara, an sace 3,672, an biya fansa sama da naira biliyan 3, mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu, kuma rahoton ya ambaci sarakuna biyar da hannu a ciki. Wannan fa kafin 2021 da 2022 kenan, shekarun da abin ya fi muni.

Akwai kuma gawar da ba ɓarayi sunka yi ba. Mutumji ta ƙasar Ɗansadau a Disamba 2022, jirgi ya biyo ɓarayi sunka shige cikin jama'a anka saki bam, fararen hula sama da 60. Tungar Kara a Janairu 2025, mutanen gari da 'yan sa-kai da sunka fito bin sawun ɓarayi su jirgi ya ɗauka ɓarayin ne, mutum wajen 16. Daga sama mai mashin da bindiga duk ɗaya ne, in babu wani a ƙasa da ke magana da matuƙi kai tsaye to haka za ta riƙa faruwa, kuma duk sanda ta faru mutane na ƙara jin tsoron ba da rahoto.

Lakurawa, wata ƙungiyar 'yan bindiga masu iƙirarin addini da ke ɓangaren Augie da Arewa da Tangaza, su nasu salon daban ne, suna zuwa da wa'azi da karɓar zakka da hana kiɗa, sun ma fara shigowa ne a matsayin masu korar ɓarayi, amma in ka duba Mera a Nuwamba 2024 za ka ga ƙa'idar ba ta canza ba, sun kore shanu, mutanen gari sunka bi sawu, anka kashe 15. Wanda ya bi sawu shi ake kashewa.

Shi ya sa in mutanen gari sunka tambaye ni shawara ba na ce musu kar su kare kansu, ina ce musu tsaron ƙofar gari da ganuwa da mai hangen nesa bisa dutse ko itace da hanyar fitar da mata da yara tun kafin a iso, wannan na ceton rai, kuma garuruwan da sunka haɗa kai da maƙwabtansu sunka ajiye lambobin juna sun fi tsira. Bin su cikin daji da bindigar toka kuwa, ko kama baƙo a kasuwa a kashe don kamanninsa, wannan gayyato su ne. Askarawa, jami'an tsaron al'umma da gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a ƙarshen Janairu 2024, su sama da 2,600, sun fi tsohon tsarin sa-kai ko don akwai rajista da albashi da wanda za a tuhuma in sun yi ba daidai ba, sai dai in ka raba su ga ƙananan hukumomi 14 za ka ga kowace ba ta samu 200 ba, alhali daba ɗaya na iya fito da mashin 150 kowane da goyon mutum biyu ko uku. Kuma in kun ji jirgi ya yi aiki a dajin da ke kusa da ku, ko kun ga soja na naɗe kayansu daga makarantar da sunka yi sansani, kwanakin da ke biye su ne masu hatsari, a kwashe tsofaffi da yara zuwa babban gari, a rage kwana a gona, a kuma matsa ma shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa da waya tun ranar, kar a jira sai an ji ƙarar mashina.